Cuku Ba Ya Son Kurkuku: Tarihin Yaƙin Madara da Ruɓa

Hutun bara na yi shi a Abalak wurin gwaggota. Ranar da zan komo Tawa ta ɗauko cuku goma sha biyu daga kan rumfa ta ce in kai ma innata. Ba su ƙarasa bushewa ba, ga mota na jira na a tasha. Sai na zuba su cikin baƙar leda, na ƙulle bakin tam don kada ƙura ta shiga, na cusa cikin jakka. Gwaggo na kallo na. Ta ce, "Ɗana, cuku ba ya son kurkuku. Kwance shi, bar shi shi sha iska." Na ce mata to, amma ban kwance ba. A zuciyata ni ne na yi lakkwal, ni ne na san mikrob, ita kuwa me ta sani ban da shanu?

Motar ta lalace a hanya, munka kwana a daji. Washegari da la'asar da na kwance ledar gaban inna, cukun ya yi gumi, ya yi yauƙi, warinsa ya cika ɗaki. Kaji munka zuba ma. Inna ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ba ta ce maka ka bar shi a buɗe ba?"

Tun ran nan nake bin sawun wannan magana ta gwaggo cikin tarihi, kuma abin da na samo shi ne na kawo ma ƴan uwa ɗalibai a wannan ɗan littafi namu. Shekaru dubbai mutane na neman yadda za su hana cuku ruɓewa da cutar da mai ci. Duk al'ummar da ta ci nasara, shingaye ta jera, wani bayan wani, ba ta dogara da magani guda ba. Haɗarin da muke ciki yau shi ne mun soma tuge shingayen kakanninmu tun ba mu gama kafa sabbi ba.

Madara ba ta da haƙuri

Mu fara da sanin abokin gaba. Madarar saniya wajen kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Sauran kuwa mai ne, da sukari, da sinadarin gina jiki. Tana fitowa daga hantsa da ɗumin jikin saniya, digiri 38 da ɗan wani abu, kuma ba ta da tsami. Abin da ke raya ɗan maraƙi shi ne dai ke raya ƙwayoyin cuta. Wasunsu in sun samu yadda suke so, kowane minti 20 ɗaya na rabewa biyu. Ku ɗauki bik ku lissafa: ƙwaya ɗaya tak da safe, bayan awa 7 ta wuce miliyan 2. A zafin watan Afrilu na Damagaram ko Maraɗi, ƙwarya cike da madara aljannarsu ce.

Cuku sabo, wanda ba a busar ba, shi ma haka. Fiye da rabinsa ruwa ne. Don haka duk tarihin da za mu bi amsa ce ga tambaya guda: yaya za a hana waɗannan ƙwayoyi ruwa, ko a ƙona su, ko a tsamama masu wurin zama, kafin su riga mu cin abincin?

Tun Sahara tana kore

Maganar ta girmi rubutu. A kudu maso yammacin Libiya, kusa da Gat, garin da ayarin Agadas ya sani, akwai wani kogon dutse da ake kira Takarkori. A 2012 masu bincike sunka bayyana cewa sun samu sauran man madara manne da tsoffin katangar tukwane da anka tono a wurin, masu shekara wajen 7000. A wancan zamani Sahara na da tafkuna da ciyawa, kuma zanen shanun da ke kan duwatsun Azbin shaida ne. Ke nan sarrafa madara a yankinmu ba baƙon abu ba ne da wani ya kawo mana jiya. Can ƙasar Polan kuma, an tono wasu tukwane masu huji-huji kamar rariya, su ma sun kai shekara 7000, da alamar man madara a jikinsu. Da su ake tsiyaye ruwa daga madarar da ta daskare. Dabarar farko ta ɗan Adam ke nan: a raba cuku da ruwansa.

Amma abokin gaba shi ma tsoho ne. A Sakkara ta ƙasar Masar akwai kabarin wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Ptahmes, wanda ya yi sarautar birnin Memfis a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa. An samu wani farin abu daskararre cikin tulu a kabarin. A 2018 anka sanar cewa cuku ne, mai shekara wajen 3200, kuma a cikinsa akwai alamar da ke nuni ga ƙwayar burusela. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi.

Rumawa su ne sunka bar mana bayani a rubuce dalla-dalla. Wani manomi marubuci, Columella, a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafin noma da kiwo mai kashi 12. A ciki ya faɗi cewa ana daskarar da madara da ruwan tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya, ko da farin ruwan itacen ɓaure. Daga nan a matse, a barbaɗa gishiri, a shanya a inuwa, wani a jiƙa shi a ruwan gishiri a turara shi da hayaƙi. Ya kuma bambanta iri biyu: mai taushi da za a ci cikin ƴan kwanaki, da mai tauri da za a iya ƙetare teku da shi. Wannan rabo har yau shi ne rabon. Mai ruwa na gida ne, busasshe na tafiya ne.

Amsar arewa: rana da iska

Makiyayanmu na Azawak da Azbin, Buzaye da Fulani da Larabawa, sun ba da tasu amsa, kuma amsa ce da ta dace da ƙasarsu. Da damina madara na yawa har ta fi ƙarfin gida, kasuwa na nesa, da rani kuwa hantsa ta ƙafe. Cuku shi ne rumbun makiyayi. Manomi ya tara gero, shi ya tara madarar damina a busashe.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai yin cuku a Abalak, ko Cintabaradan, ko Dakwaro, ko Tukunus ta wajen Filinge inda ake kiwon shanun Azawak, ya san yadda aikin yake. Ana tatsa, tun madarar na da ɗumi a sa mata ɗan ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono. In ta kama, a zuba a kan ƙaramin asabari na ciyawa, a baza ta da hannu ta yi faɗi, ta yi siriri, ruwan na tsiyayewa ta ƙasa. Shi ya sa kuke ganin layi-layi a jikin cuku, sawun asabarin ne. Sai a ɗora a sama inda iska ke bi, ana juyawa, har ya bushe ƙamas.

Sirrin yana ga sirantar. Da a dunƙule anka bar shi kamar curin fura, waje zai bushe, ciki na ruɓewa. Da yake falle ne, rana da busasshiyar iska na ratsa shi kafin ƙwayoyin su yi yawa. Tsere ne tsakanin bushewa da ruɓa, kuma mai cuku ta san dole bushewa ta riga isa. Dabarar kilishi ke nan sak: a yanka nama siriri, a shanya, a sa yaji, a nuna ma wuta. Mahauta da matan makiyaya ba su yi taro ba, amma ƙasa ɗaya ta koya masu darasi ɗaya.

Da irin wannan cuku ayarin gishiri ke ƙetare Tenere. In kaka ta yi, raƙuma su tashi daga Azbin zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantu da dabino, sannan su gangaro kudu wajen Damargu da Damagaram har Kano. A tafiyar da ake yin kwanaki ba rijiya, guzurin madugu da mutanensa shi ne gero da dabino da cuku, a daka su tare, a dama da ruwa a sha. Abincin da ya yi watanni cikin buhun fata bai kashe kowa ba, ai ya ci jarrabawar da ta fi ta kowane ɗakin bincike tsanani.

Ga kuma shinge na biyu da kowace uwa ta sani: tsami. In an zuba ɗan sauran nonon jiya cikin madarar yau, wasu ƙwayoyi ne masu amfani anka shuka. Su cinye sukarin madarar, su mai da shi tsami, tsamin ya hana miyagun sakewa. Shi ya sa nono ke kwana biyu a ƙwarya, madara kuwa ba ta kai yamma.

Amsar kudu: tumfafiya da wuta

In an ƙetare gadar Gaya zuwa Malanbil, labari ya sake. A arewacin Benin, wajen Paraku da ƙasar Bargu, iska na da laima, rana ba ta busar da abu da sauri kamar ta Azawak. Matan Fulanin can sai sunka bi wata hanya, sunka yi wagashi, wanda Yarabawa ke kira wara, sunan da ya yi kama da awararmu ta waken suya.

Abin mamaki, itacen da suke aiki da shi yana nan bayan kowane gida namu, akuya ma ba ta cika kula shi ba: tumfafiya. Ana ɗora madara a wuta, a daka ganye ko karan tumfafiya, a tace ruwan cikin madarar, a ci gaba da hura wuta har ta kama. Farin ruwan tumfafiya na ɗauke da sinadarin da ke daskarar da madara, aikin da ruwan ɓaure ya yi ma Rumawa. Kada wani ya ji haka ya je ya gwada da ka, don ruwan nan dafi ne in ya yi yawa, kuma yana illa ga ido. Masu sana'ar sun san gwargwado.

Wagashi na fita daga tukunya da tsabtarsa, tunda wuta ta riga ta kashe mafi yawan abin da ke cikin madarar. Matsalar na farawa bayan nan: hannun mai juyawa, ruwan da anka wanke kwando da shi, ƙuda, ƙurar hanya. Yana da ruwa, ba shi da tsami, don haka kwana biyu ko uku ya isa ya lalace. Me matan ke yi? Su sake tafasa shi, sau da yawa da gishiri, wasu kullum har a sayar. Wasu su shanya, wasu su soya. Kuma su rina shi ja da karan dafi, wannan dai jan kuɓen dawa da majema da dukawanmu ke rina fata da shi.

Mutane da yawa na ɗaukar jan launin nan magani ne. Akwai dalilin zaton haka, don dawa na yin wannan jan sinadari ne ta kare kanta daga cutar funfuna. Amma da masu bincike na Benin da Holan sunka gwada a kan wagashi, launin bai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa ba. Ja na jawo mai saye. Tafasar da ake yi lokacin rinin ita ke aikin. Wannan darasi ne a gare mu: ba duk abin da kaka ta yi ne magani ba, dole a tantance wanne ne shinge, wanne ne ado.

Ranar da anka ga abokin gaba da ido

Har tsakiyar ƙarni na 19 duk wannan yaƙi a makance ake yin sa. Louis Pasteur na Faransa, a shekarun 1860, shi ya tabbatar cewa ƙananan halittu ne ke tsamama abin sha da ruɓar da shi, kuma zafi madaidaici na kashe su ba sai an tafasa ba. A kan ruwan inabi ya fara, daga baya anka kawo dabarar kan madara. Ma'aunin da ake bi yau shi ne digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na sakan 15. Wani likitan fiɗa na Ingila, Joseph Lister, wajen 1878 ya ware ƙwayar da ke tsamama madara ita kaɗai, ya raine ta a kwalba. Ƙwayar nonon innarmu ke nan ta samu suna a littafi.

Sai labarin tsibirin Malta, wanda ya kamata kowane ɗan makiyayi ya sani. Sojojin Ingila da ke zaune can na fama da wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, wani ya yi watanni a kwance. A 1887 likitan soja David Bruce ya gano ƙwayar, daga sunansa ne anka samo burusela. Amma ta ina take shiga mutum? Sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano tana cikin awakin da ake zagayawa da su ƙofa-ƙofa ana tatsa gaban mai saye. Mutane na ganin ba madarar da ta kai wannan tsabta, tunda da idonsu sunka ga an tatso ta. Ashe cutar daga cikin akuyar take. A 1906 anka hana sojoji shan madarar awaki, zazzaɓin ya faɗi warwas a barikinsu.

Wannan ciwo yana nan cikin garkunan Sahel. Shi ne ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa, makiyaya na kiran sa bakkale. A jikin mutum yana kama da palu, har a yi ta shan maganin sauro ba sauƙi. A nan dole in faɗi abin da ba zai yi ma gwaggo daɗi ba: cukunmu da ɗanyar madara ake yin sa. Rana na hana ƙwayoyi yaɗuwa, amma ba tabbas ta kashe wadda ta fito daga cikin dabbar tun farko. Burusela na iya yin makonni da ranta cikin cuku mai laima. Tarin fuka na shanu ma ta ɗanyar madara yake bi.

Firigo ma na da ɓarawonsa

Da firigo ya bazu a ƙarni na 20, Turawa sun ɗauka an gama. Ashe akwai wata ƙwaya da sanyi bai dame ta ba. An fara bayyana ta a 1926 a Kambirij ta Ingila, cikin zomayen ɗakin bincike, daga baya anka sa mata suna listeriya don girmama Lister. Dubi ikon Allah: mutumin da ya ware ƙwayar tsami mai amfani, sunansa ne ya koma kan makashiya. Listeriya na zaune cikin ƙasa da ruwa da kashin dabbobi. Tana yaɗuwa ko cikin firigo, sannu a hankali, kuma tana jure gishiri har kashi 10 cikin 100. Lafiyayyen saurayi zai iya cin ta ya tsira da ɗan zazzaɓi. Mai ciki kuwa tana iya yin ɓari ko ta haifi jariri marar lafiya, haka tsoho da wanda ciwo ya raunana.

A 1985 a Los Anjelas ta Amurka, wani farin cuku mai taushi irin na mutanen Meziko ya kwantar da mutum 142, 48 sunka mutu, mafi yawansu jarirai da ƴan tayi a ciki. Bincike ya nuna ɗanyar madara ce ta gauraya da wadda anka zafafa a masana'antar. Wannan cuku ɗan uwan wagashi ne: fari, mai ruwa, ba tsami. A ƙasar Suwis ma, tsakanin 1983 da 1987, wani cuku mai taushi ya kashe fiye da mutum 30. Kada mu ce ciwon Turawa ne: a Afirka ta Kudu, daga 2017 zuwa 2018, listeriya cikin naman da anka sarrafa ta kama fiye da mutum 1000, ta kashe fiye da 200.

Komawa ga abin da ƙasa ta bayar

Bayan irin waɗannan asarori ne masana sunka ƙara himma wajen neman abin da za a sa ma cuku sabo ya kare kansa, wanda ba haɗin masana'anta ba ne. Babban abin da ke hannunsu, daga ƙwaryar nono ya fito. A 1928 a Amurka anka lura cewa wasu ƙwayoyin tsami na fitar da wani sinadari da ke hana wasu ƙwayoyi girma. A 1947 masu bincike a Ingila sunka sa masa suna nisin, a shekarun 1950 anka fara sayar da shi, a 1969 kwamitin hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shi. In kun ga E234 a jikin gwangwani, shi ne. Na biyu daga ƙasar Afirka ya fito. A 1955 anka samo shi daga wata ƙwaya cikin turɓayar lardin Natal na Afirka ta Kudu, shi ya sa ake ce masa natamisin, lambarsa E235. Ana shafa shi a bayan cuku.

Sai dai kowannensu na da iyaka. Nisin na kama listeriya, amma ba ya tasiri a kan salmonela da dangin ƙwayoyin zawo, kuma ya fi ƙarfi inda akwai tsami, abin da cuku sabo ya rasa. Natamisin funfuna kawai yake hanawa. Kayan yajinmu kuwa, kanumfari da tafarnuwa da citta, ruwansu da mansu na kashe ƙwayoyi a farantin gwaji, amma in an sa su cikin cuku, kitsen ya shanye ƙarfinsu. Kafin a zuba adadin da zai yi aiki sosai, cukun ya daina zama cuku, ya koma yaji.

Wani masanin abinci Bajamushe, Lothar Leistner, a shekarun 1970 ya tattara wannan duka a tunani ɗaya da ya kira dabarar shingaye: ɗan zafi, ɗan gishiri, ɗan tsami, ɗan bushewa, ɗan sanyi. Ƙwayar da ta tsallake na farko ta gaji a na biyu, ta faɗi a na uku. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai. Bahaushe ya riga shi: tsinke ɗaya ba ya shara.

Inda muke yau

Cuku ya bar daji ya shigo gari. Ana sayar da shi a tashoshi da bakin hanya, ana aika shi Yamai tsaraba, kuma mata da yawa da shi suke biyan magani da kayan lakkwal na ƴaƴansu. Amma kasuwa ta sake masa hali. Mutumin gari na son mai taushi, wanda bai bushe sosai ba, don ya fi daɗin tauna da shayi. Mai sayarwa na gaggawar kama mota. Sai a sauke shi daga rumfa da laimarsa, a ƙulle a leda, kamar yadda na yi. An cire shingen rana da iska, an sa leda da ke tara gumi. Wani ya ce ai akwai firigo. Wane firigo? Kowa na tuna watan Agusta na 2023, da anka yanke layin kuran da ke zuwa daga Najeriya, yadda kayan sanyi sunka yi ta narkewa. Ko ba wannan ba, firigon da ke aiki awa uku ya huta awa biyar akwati ne kawai. Cuku mai ruwa na bukatar digiri 4 ko ƙasa, dare da rana.

Me tarihi ke ce mana mu yi? Na farko, mu yarda wuta ce babbar shinge. Madarar sha a tafasa ta, musamman ga mai ciki da yara. Ta cuku kuwa akwai wuyar sha'ani, don madarar da ta tafasa sosai ba ta kamawa da kyau da ruwan tumbi. Shi ya sa digiri 63 na minti 30 ke da muhimmanci: a zafafa, a bar ta ta huce, sannan a sa ruwan tumbin. Abin da ake bukata tukunya ce da ma'aunin zafi ɗaya, wanda ƙungiyar mata za ta iya saye a haɗe. Na biyu, a bar cuku ya ƙarasa bushewa, a rufe shi da yadi mai shara-shara don ƙuda, a ɗauke shi cikin kwando ko takarda. Na uku, hannu da ruwa da ƙwarya su zama masu tsabta, don akwai wata ƙwaya da ke zaune a fatar mutum da cikin hanci, in ta samu lokaci a kan cuku tana zuba dafin da ko an sake tafasawa ba ya mutuwa. Wagashin da ya riga ya yi yauƙi, wuta ba ta fansar sa. Na huɗu, saniyar da ta yi ɓari a ware madararta, a kira ma'aikacin dabbobi.

Mu ɗalibai kuma akwai namu aikin. Cikinmu akwai masu karatun noma da kiwo, akwai masu karatun likita, akwai mu ƴan tarihi. In hutu ya zo, kowa ya ɗauki kaye ya zauna gaban kakarsa ko gwaggonsa ya tambaya: da me kuke wanke ƙwarya? Kwana nawa cuku ke yi a rumfa da damina, kwana nawa da hunturu? Wane itace ake sawa, wane ne ba a sawa? A rubuta da sunayen da suke kira. Sannan masu ɗakin gwaji su auna, a gane shinge, a gane ado. Tsoffin nan ba za su jira mu har abada ba, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kowane littafi na laburaren jami'a.

Bana in na koma Abalak, da ma'aunin zafi zan tafi ma gwaggo tsaraba. Na san za ta juya shi ta yi mini dariya, wataƙila ta ce yatsarta ta fi shi. Za mu gwada tare mu gani. Cukun da za ta ba ni kuwa, a kwando zai zo Tawa, bakinsa a buɗe.